Harimin Rijiya da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasar Barno

Wannan magana ce a kan ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasa, wanda ido ba ya gani amma kowa ke ɗiba.

A sani, tun cikin shekarun 1950 ma'aikatan binciken ƙasa na gwamnati suka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a Lardin Barno. Duk inda suka huda sai su rubuta abin da suka tarar, yashi ne ko yumɓu, da zurfin kowane. Da suka tara rubuce-rubucen nan suka zana taswira, sai ta bayyana ruwan hawa uku ne, yumɓu ya raba tsakaninsu. Na sama shi rijiyar guga ke taɓawa, damina ke ƙara masa. Na tsakiya, a wajen Maiduguri, sai an nutsa kamar mita 300, na ƙasa kuwa ya wuce mita 500. Yumɓu ya danne waɗannan biyu, shi ya sa da an huda su a kwarin da ya nufi Tafkin Cadi sai ruwa ya taso da kansa, ba guga ba inji.

Jama'a suka ga ni'ima, makiyaya suka yi murna, aka bar rijiyoyi da yawa suna kwarara dare da rana ba famfo, ruwa na zama taɓo, shanu na tattakawa. Alhali kuwa ajiya ce ta shekaru dubbai, damina ba ta mayar da abin da aka zubar sai kaɗan. Ƙarfinsa ya yi ta raguwa, har waɗansu rijiyoyin suka daina tunkuɗowa.

Fukaha'un Malikiyya sun daɗe da yin maganar harimin rijiya, kuma ba su ƙayyade shi da zira'i ba. Cutarwa suka duba: ba a haƙa inda za a janye ruwan maƙwabci. To, rijiyar guga mai gaba goma alƙali na iya zuwa ya leƙa. Burtsatse fa? Mai inji a wannan unguwa yana iya ƙafar da rijiyoyin waccan, ba kuwa mai nuna ta inda ɓarnar ta bi in babu taswira da awon ruwa kowace shekara. Masu awo ke nan su ne shaidun da hukuncin harimi ke bukata yau. Maƙwabtakar ma ta wuce unguwa, domin ruwan ya shimfiɗu ƙarƙashin Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, ƙasashen da suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964.

Saboda haka attajirin da ya yi niyyar haƙa burtsatse, don ciniki ne ko don sadaka, ya kamata ya fara neman izinin hukumar ruwa, ya tambayi tazarar da ta dace, in an gama ya miƙa musu rubutun abin da aka tarar domin a ƙara cikin taswira. Rijiya mai tunkuɗowa kuma a sa mata famfo, a naɗa mai rufe shi bayan dabbobi sun sha. Haza wassalam.