Lisa da Hamadu: ruwa guda, makoma biyu

Ƴan uwa matasa, a wasannin Olamfik na Landan a 2012, mutum biyu sun tuƙa jirgi a tafki guda, na Eton Dorney. Ɗaya namu ne, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu a Yamai, ɗan shekara 35. Wata uku kacal ya yi yana koyon tuƙin jirgin tsere kafin a tura shi da katin gayyata. A tseren mita 2000 shi ya zo na ƙarshe, da tazarar sama da minti guda. Turawa suka tashi tsaye suna mishi tafi, jaridunsu suka yi ta raha da shi.

Bayan ƴan kwanaki, wata ɗiyar Niyuzilan mai shekara 23, Lisa Carrington, ta shiga ruwan nan da kayak, wato siririn kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Ta cinye mita 200 cikin daƙiƙa 44 da ɗoriya, ta ɗauki zinare.

Wasan nasu ba iri ɗaya ba ne, amma ku dubi abin da ya biyo baya. Lisa ta sake cin zinare a Rio a 2016, ta haɗa da tagulla. A Tokiyo ta kwashi zinare uku. Da aka cire tseren mita 200 da ta fi ƙwarewa a kai, wasu sun zaci ta ƙare. A Paris a 2024, tana da shekara 35, ta sake kwasar uku: ita kaɗai, su biyu, da su huɗu. Zinare 8 ke nan, daidai da Bajamushiya Birgit Fischer. Shi kuwa Hamadu, ku gaya mini gaskiya, mu nawa muka ƙara jin labarinshi?

Ni fa ban yarda cewa baiwa ce kawai ta raba su ba. Lisa ta taso a Ohope, wani ɗan ƙaramin gari a bakin teku, ta fara ne a ƙungiyar yara masu koyon ceton waɗanda ruwa ya ci. Daga nan aka gane ta. Mai horar da ita, Gordon Walker, sun fi shekara goma tare. Ƙasarta kuma tana ware kuɗi don ƴan wasan da ta sa ran za su ciyo mata lamba. Zinaren mutum huɗu na Paris shi ne babbar shaida: ba a samun mata huɗu gwanaye a jirgi guda sai in akwai inda ake renonsu.

Niyuzilan mutum miliyan 5 ne da ƴan kai. Mu mun haura miliyan 25. Lambobinmu na Olamfik tun samun ƴanci guda biyu ne: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016. Shi ma Alfaga a Jamus ya samu horon da ya kai shi can.

Na san abin da za a ce a fada in an zauna shan shayi: ƙasar da ke fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, ina ruwanta da tseren kwale-kwale? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba cewa nake a bar asibiti a sayo jiragen Turai ba. Amma ku tuna inda Lisa ta fara: koyon iyo da ceton rai. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu sama da kilomita 500. Duk damina muna jin yaro ya nutse a gulbi ko a tafkin bayan gari, daga Maradi har Damagaram. Ƙungiyar da za ta koya wa yaran unguwa iyo, maza da mata, rai za ta fara ceta. Lambar zinare, in ta zo, ƙari ce.

Kuma kada wani ya ce ba mu iya tsari ba. Kokowar takobi da aka soma a Tawa a 1975 tana nan har yau, kowace jaha da ƴan wasanta da masu horar da su. Abin da muka ɗauka da muhimmanci, muna riƙe shi. Ɗiyan masunta da ke tuƙa kwale-kwale ƙarƙashin gadar Kennedy tun suna ƙanana, wa ya taɓa zuwa da agogo ya auna gudunsu?

Don haka tambayoyinmu ga ma'aikatar wasanni da magadan gari masu sauƙi ne. Nawa aka ware wa wasannin da ba ƙwallo da kokowa ba? Ina kuɗin suka shiga? Yara nawa aka koya wa iyo bana? A fito da lissafin a fili mu gani.

Hamadu bai ba mu kunya ba, wallahi. Ya yi abin da wata uku za su iya bayarwa. Laifin na wanda ke kiwon akuya ranar kasuwa ne. Wasannin Los Angeles na 2028 na tafe. In ba mu yi magana yanzu ba, wani Hamadun za a sake nemowa ana saura wata uku.