Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani wasa a Amurka da Kanada da ake kira lakuros, wanda ake yi da sanda mai 'yar koma a kai, ana cafe ƙwallon roba da ita ana jefawa raga. Asalinsa na 'yan asalin ƙasar ne, musamman al'ummar Irokwa, waɗanda suka ɗauke shi kyauta daga Mahalicci, kuma magani ga jama'a. Sai a 1867 wani likitan haƙori a Montreal, William George Beers, ya rubuta masa dokoki irin na zamani. To, yau ga abin da ƙungiyoyin yara masu zaman kansu suka mai da shi: kasuwa.

A wurare irin su Baltimore da Long Island, inda wasan ya yi saiwa, ƙungiyoyin nan na gasa da juna ba dare ba rana. Masu goyon bayansu na cewa gasa ita ke fito da gwani. Lalle haka ne, in da gasar ta koyarwa ce. Amma duba abin da ake yi. Ƙungiya ta ga yaron da wata ta yi shekaru tana horarwa, sai ta zuga iyayensa ta ɗauke shi, gobe ta ci kofi ta buga ƙirji. Shin wannan horo ne ko roro a gonar wani?

Bugu da ƙari, yawancin gasanninsu ana raba yara ne bisa shekarar da za su gama sakandare, ba shekarar haihuwa ba. Don haka masu hali kan sa ɗansu ya maimaita aji, don ya fi tsaransa girman jiki. Nan take sai a ce gwani ne, alhali kuwa ƙato ne kawai cikin ƙanana. Yaron da bai yi saurin girma ba, sai ya ƙare a benci, iyayensa na biyan kuɗin rajista da na mota da na masauki.

Abin ya kai jami'o'i na yi wa yara 'yan shekara 13 ko 14 alkawarin gurbi. Sai da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, watau NCAA, ta tsawata a 2017, ta hana koci tuntuɓar yaro kafin 1 ga Satumba na ajinsa na kusa da ƙarshe a sakandare. Dokar ta rage hanzarin jami'o'i, amma ba ta taɓa kwaɗayin masu ƙungiya ba.

Su waye gwanayen wasan na haƙiƙa? Jim Brown, a Jami'ar Syracuse, ya haɗa lakuros da ƙwallon ƙafar Amurka da ƙwallon kwando da guje-guje, ba wanda ya tsare shi a wasa guda tun yana ƙarami. Lyle Thompson, ɗan ƙabilar Onondaga, da ya ci lambar Tewaaraton a 2014 da 2015, a bayan gida ya fara koyo, shi da 'yan'uwansa.

A 2028 lakuros zai koma gasar Olamfik a Los Angeles. Kafin nan ya kamata iyaye su daina tambayar ƙungiya kofi nawa ta ci. Su tambaye ta: yara nawa suka zo miki ba su iya riƙe sanda ba, suka fita sun iya? Wadda ta kasa amsawa, dillaliya ce, kada a ƙara kiran ta makaranta.