Yaron Tela Ba Ya Kai Ɗinki Shagon Wani

Wata ɗabi'a ta shigo cikin matasanmu masu koyon haɗa wasannin waya da kwamfuta, daga Unguwar Mu'azu zuwa Kinkinau da Tudun Wada, kuma ba mu yarda da ita ba. Yaro zai fara haɗa ɗan wasansa, ya kai wani wuri abu ya cije, sai a ce masa ya daina wahalar da kansa, akwai ƙwararren da zai warware masa cikin awa guda in dai zai biya. Wani a cikin gari yake, wani kuma a Fiverr, kuɗinsa da dala. Ya karɓi aikin, ya dawo da shi yana tafiya lafiya lau. Bayan mako biyu matsalar ta dawo da wata riga, a koma wurin uwa ko yaya neman kuɗi.

A duba lissafi tukuna. Manhajar Godot, wadda 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sakar wa duniya a 2014, ko sisi ba a biya. Unity ma kyauta ce ga mai farawa. Abin da ya zama dole shi ne dala 25 na rajista a Google Play, sau ɗaya, ko dala 100 a Steam kan kowane wasa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Wato a 2024 dala 25 ɗin nan ta fi rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya zubar da ita wajen gyaran kuskure ɗaya ya cinye kuɗin ƙofar kasuwa tun bai gama kaya ba.

Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake koyon sana'a: yaro ya lalata ƙarfe, oga ya yi faɗa, ya nuna masa, ya sake. Haɗa wasa ma haka yake. Jan rubutun nan da ke fitowa idan wasa ya ƙi zama fayil ɗin Android, yawanci cewa yake kayan Java da na Android da ke kan kwamfutarka ba su dace da juna ba. Ranar da ka zauna ka karanta shi layi-layi har ka gane, ka huta da shi har abada. In ka biya aka share maka shi, karatun ne ka biya aka ɗauke maka.

Sannan mutumin da ke Indiya ko Turai me ya sani game da 'yan wasanmu? A babbar wayarsa zai gwada, alhali ƙannenmu Itel da Tecno ne a hannunsu, masu ɗaukar zafi da zarar hotuna sun yi nauyi. Ba zai lura cewa ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna a allo ba, don bai san akwai su ba, balle ya nemo salon haruffan da ke ɗauke da su.

Mafi muni shi ne mai cewa, "Kawo in ɗora maka a asusuna." Wasan da aka ɗora a asusun wani, a wurin Google na mai asusun ne. Shi ake biya, shi ke iya sauke shi, kai kuwa sai kallo.

Za a ce mana lokaci ma kuɗi ne, ga wuta ba ta zama, ga data na ƙonewa, kuma ƙwararre ai ba bawan kowa ba ne. Gaskiya ne, mu ma ba mu goyon bayan masu cika wa mutum waya da "don Allah ɗan duba min" tsakar dare, ko kuɗin kati babu. Wanda ya sani ya cancanci ladansa. Abin da muke ja a kai shi ne me ake saya. In za ka biya, biya wanda zai zauna kusa da kai, hannunka a kan kwamfuta, bakinsa kawai ke aiki, har ka gyara da kanka ka kuma maimaita a gabansa. Wannan kuɗin malami ne, iyayenmu ma sun biya na Laraba. Ƙwararren da ya ƙi wannan sharaɗin so yake ka dawo gobe.

Har mutum 12 da Google ke buƙatar su gwada wasan sabon mai asusu na kwana 14 kafin ya shiga kasuwa, yanzu akwai masu sayar da su a intanet. A Unguwar Mu'azu! Unguwar da teburin mai shayi ɗaya bayan Isha'i zai ba ka mutum 12 da wayoyinsu, su gwada, su kuma faɗa maka ido da ido cewa wasan naka ba daɗi.