Arahar Da Ke Kashe Injinan Gwamnati

A watan Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 6.45 domin kafa cibiyoyin samar da iskar oksijin a wurare 38 a faɗin Najeriya. Zuciyar irin wannan cibiya ita ce kwamfuresa, injin da ke matse iska kafin a tace oksijin daga cikinta. Idan ya tsaya, marar lafiyar da ke kwance a gado ne zai fara ji a jikinsa. Amma duk da haka, sau da yawa takardun kwangila kan fayyace girman kwamfuresa da yawan iskar da zai bayar, su yi shiru kan na'urar da za ta tayar da shi da wadda za ta daidaita gudunsa. Wannan shirun yana da tsada.

Injin lantarkin da ke juya kwamfuresa, idan aka jona shi kai tsaye, yakan zuƙi wuta ninki shida zuwa takwas na abin da yake ci a lokacin aiki. Fizgar nan tana ɗumama wayoyin cikinsa, ta gajiyar da bel da boris, ta kuma durƙusar da janareta, shi ya sa ake sayen janaretan da ya fi ƙarfin buƙata. Tsohon tsarin sita-delta yana rage fizgar zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Na'urar tayarwa a hankali tana ƙara ƙarfin wuta daki-daki har inji ya miƙe. Ita kuwa na'urar daidaita gudu, wadda aka fi sani da VFD, bayan tausasa tashi tana rage juyin inji duk lokacin da buƙatar iska ta ragu.

A nan lissafin kuɗi ya shigo. Kwamfuresa mai gudu ɗaya, ko da ba ya tura iska, yakan ci gaba da juyi yana cin kusan rubu'in wutarsa ko fiye. A ƙaddara inji mai kilowat 75 yana irin wannan juyin banza awa takwas a rana: yunit 150 ke nan. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa sama da naira 200 kan kowane yunit a Afrilun 2024, asarar ta kai naira 30,000 a rana, kusan miliyan 11 a shekara, kan inji guda. Sanannen abu ne a wannan fanni cewa kuɗin wuta ne kaso mafi girma na abin da kwamfuresa ke ci a tsawon rayuwarsa, ya zarce kuɗin saye da na gyara a haɗe.

Masu adawa suna da hujja. VFD tana da tsada, ba ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara, kuma hawa da saukar wuta na iya ƙona ta. Inda buƙatar iska ba ta canzawa dare da rana, amfaninta kaɗan ne, na'urar tayarwa a hankali ta wadatar. Sai dai wannan yana nuna cewa wajibi ne a auna buƙata kafin a yi saye, a tanadi ɗaki mai iska, da kariya daga fizgar wuta, da ma'aikacin da ya san aikin.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce a bai wa mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ashe alƙalamin yana hannun jami'in da ke rubuta sharuɗɗan. Abin da bai rubuta ba, ɗan kwangila ba zai kawo ba, domin araha ce za ta ba shi aikin, ita kuwa araha ba ta ado.

Saboda haka ya dace hukumar BPP da sassan saye na ma'aikatu su wajabta abu uku a kowace kwangilar kwamfuresa: bayanin na'urar tayarwa, da kiyasin kuɗin wuta na shekara goma, da horar da masu kula da injin. Mataimakin da ke shirya wa minista ko babban sakatare takarda kuwa, tambaya ɗaya ta ishe shi kafin fayil ya wuce: da me za a tayar da injin nan, kuma nawa zai ci a wata?