Daga Kogin Tennessee Zuwa Bakalori

Makon jiya yarona ya shigo da takardar kacici-kacicin makaranta yana ta hadda: Amurka ta samu 'yanci a 1776, George Washington ne shugabanta na farko. Na yaba masa, sannan na ce, "To yaushe aka gina dam ɗin Bakalori?" Ya yi tsuru-tsuru. Alhali shinkafar da ke kwanonsa ruwan dam ɗin ta sha.

Ban ga laifinsa ba, an yi shekaru ba a koyar da Tarihi a firamare. Amma ke da kike Damri, Bakura, Mafara ko Maradun, ki sani tarihin Amurka da yake haddacewa ya zo har ƙofar gidanki.

A 1933, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kwarin Kogin Tennessee, wato TVA, don ta datse ruwa, ta hana ambaliya, ta kai wa ƙauyuka lantarki. Ta yi aiki, ba musu. Sai dai dam ɗinta na farko, Norris, wanda aka gama a 1936, ya tashi iyalai kusan 3,000, har kaburbura aka haƙa aka mayar wani wuri.

Wannan tsari ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, har da Najeriya da ta kafa hukumomin raya kogunanta, ciki da ta Sakkwato-Rima. A 1974 kamfanin Impresit na Italiya ya fara gina Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, waɗanda ke ƙasan dam kuma fadamarsu ta daina samun ambaliyar da take rayuwa da ita. Manoma suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, zamanin Shagari, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai talatin ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Waɗanda suka ga wannan rana da idonsu yanzu sun haura hamsin, kuma kullum raguwa suke yi. Wataƙila surukarki na cikinsu, ko kakar yaranki. Ki kai mata goro da yamma, ki zaunar da yaran, ki kunna rikodin wayar nan da ke hannunki. Ki tambaye ta sunan tsohon garinsu, da abin da suke nomawa kafin ruwa ya zo, da ko an biya su. In ta ce ba ta son tuna wa, kada ki matsa mata.

Wadda ta samo sunan wani gari da ruwan Bakalori ya tasa, ta rubuto mana a ƙasa, za mu haɗa su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.