Kafin a yanka tsohon jirgi, a tambayi tarihinsa

Jama'a, duk tsohon ƙarfen da ya gama aiki a birnin Ankara, da wuya bai bi ta hannun ɗan Zango ko ɗan arewa ba. Mu ne masu tura kura muna sayen gwangwan, mu ne masu sikeli, mu ne kuma masu narka alminiyam a zuba tukwanen da ake sayarwa a Kasuwar Malam Atta da ta Nima. Sana'a ce ta halal, ta ciyar da gidaje da yawa. Sai dai sikeli nauyi kawai ya sani. Ƙofar tsohuwar mota da fiffiken jirgin yaƙi duk kilo ne a wurinsa.

Ga misali a kusa da mu. Kamfanin Ghana Airways ya durƙushe a 2005, aka bar jirginsa ƙirar DC-10 yana tsatsa a filin jirgi, saura ƙiris a yanka shi. 'Yan kasuwa suka saye shi, suka haɗa hannu da hukumar filayen jiragen sama, aka shafe shi da koren fenti, a 2013 aka buɗe shi a matsayin gidan abinci mai suna La Tante DC10. Mutane da yawa da ba su taɓa hawa jirgi ba a nan suka fara taka matakalarsa. Da an narka shi, da tuni tukwanen sun ɓule.

Wancan na fasinja ne. Na soja fa? A Satumban 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka fara kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi. A can ake haɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartum har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya, irin su Hurricane da Blenheim. A yaƙin nan ne kuma sojojin Gold Coast suka je Habasha da Bama, Hausa ce harshen bariki, cikinsu akwai kakannin wasu da ke zaune yau a Nima da Mamobi. To yaron da ke makaranta a unguwannin nan, ina zai je ya ga irin waɗannan jirage da idonsa? Ai gani ya kori ji.

A Ingila, masu kuɗi ne da ƙungiyoyin sa-kai suka ceto jirage da yawa daga hannun masu narkawa. A Duxford har yau ana tashi da jiragen zamanin yaƙin, mutane na biyan kuɗi su kalla. Wani jirgi ƙirar Spitfire da ya faɗi a bakin tekun Faransa a 1940, yashi ya binne shi shekara 40, aka tono shi aka gyara, a 2015 aka sayar da shi fam miliyan 3 da ɗoriya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ana fama da kuɗin haya da ambaliyar kwata, kai kana maganar ajiye mataccen jirgi? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a cire daga kuɗin asibiti. Maganar a kan masu hali take. Alhazanmu nawa ke ajiye motoci biyar a gida, ba mai hawa? Kuɗin guda ɗaya zai iya sayen gangar tsohon jirgi a farashin gwangwan, a kafa ta a harabar makaranta, yara su shiga su ga yadda aka ƙera ta. Wata ƙila a cikinsu matuƙi ko injiniya ya fito. Almubazzaranci shi ne a lalata abin da ba za a sake samun irinsa ba saboda kuɗin cefanen wata guda.

Rundunar sojin saman Ghana tun 1959 take, ta yi amfani da jirage iri-iri ta ajiye. Akwai gidan tarihin soja a Kumasi, Najeriya ma tana da nata a Umuahia inda aka ajiye jiragen yaƙin basasa. Amma gwamnati ita kaɗai ba za ta iya riƙe komai ba. Shawarata biyu ce. Duk jirgin soja da za a yi gwanjonsa, bayan an cire makamai da kayan sirri, a fara tallata shi ga gidajen tarihi, makarantu da 'yan ƙasa masu niyyar adanawa, kafin a kira masu yanka. Su kuma shugabannin masu gwangwan, in wani abu na jirgi ya faɗo hannun yaransu, ko da farfela ce ko ɗan allon da ke ɗauke da lambarsa, su dakata, su ɗauki hoto, su tambaya. Mai adanawa yakan biya fiye da abin da sikeli zai nuna.

Sarakunan Zango da limamai, ku ma da naku. Kalma ɗaya daga bakinku ranar Juma'a ta isa wani Alhaji ya fara tunani. Allah Ya sa mu gane, amin.