Ra'ayinmu: Kada Kuɗi Su Fita Sai Takarda Ta Shigo

Duk wanda ya saba zama a zauren sasanci na wannan ƙungiya ya san yadda rigimar gidan haya take ci wa jama'armu tuwo a ƙwarya a nan Legas. Yau wani ya zo yana kukan dillali ya karɓi kuɗinsa ya ɓace, gobe wata ta zo da goyo ta ce mai gida ya cire mata ƙofar ɗaki alhali mijinta ya yi tafiya Arewa. Idan aka ce ina takarda, sai ka ji an ce ai amana ce tsakaninmu. Amana abu ne mai kyau, mun gaje ta daga iyaye, amma fa alƙali da rasit yake aiki.

Abu na farko da muke jan hankalin magidanta a kai shi ne lissafi. Kuɗin da dillali ya faɗa maka a bakin titi ba shi ne kuɗin shiga gida ba. A misali, an ce ciki da falo naira 600,000 ne a shekara. Bisa al'adar garin nan za a ɗora la'adar dillali kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya wani kashi 10, sannan a nemi ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, a ce naira 50,000. Ka ga an tashi a naira 770,000 ke nan, ba a yi maganar motar kwashe kaya ba, balle kuɗin wuta da ruwa da shara da gadin unguwa. A kuma sa kuɗin mota a cikin lissafi, domin mai sana'a a Idumota da ya kama gida a Ikorodu saboda araha, abin da ya rage a haya zai iya ƙarewa a hanya. Daga watan da ka shiga, fara ware naira 50,000 kowane wata, ko ta hanyar adashi, don kada shekara ta zagayo ka taɓa jari.

Na biyu, Legas gari ne na bakin teku, kuma gidan da ya yi kyau da rani ba lalle ne ya zaunu da damina ba. A duba bango ko akwai shatin ruwa, a duba magudana, a tambayi maƙwabta ba tare da dillali yana tsaye ba. Mazauna gefen kogin Ogun, wajen Mile 12 da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, ba su manta da ambaliyar 2010 ba. Haka kuma a yi hattara da ɗakunan da aka gina a bakin ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ranar da aka rushe Maroko a 1990, babu wanda ya tsaya tambayar ɗan haya ko wata nawa suka rage masa.

Na uku, mu san haƙƙinmu. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara 1 daga hannun sabon ɗan haya, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. A lura da kyau, hukuncin ya hau kan mai karɓa da mai bayarwa duka. Ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata 1, mai biyan shekara yana da wata 6, bayan haka a ba shi wata takardar ta kwana 7 kafin a je kotu. Wannan ne ya sa muke cewa kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Cire rufi ko fitar da mutum da ƙarfi ba tare da umarnin kotu ba laifi ne mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Sai dai dokar ta ware Apapa da Ikoyi da Victoria Island da GRA ta Ikeja, don haka 'yan'uwanmu na can su ƙara riƙe yarjejeniyarsu da kyau.

Kafin a miƙa ko kwabo, a ga mai gida ido da ido, a biya ta banki da sunansa, a kuma tambayi dillali shaidar rajistarsa da hukumar LASRERA mai sa ido a kan dillalan gidaje. Idan rigima ta taso, kada a tara matasa. Akwai cibiyar sasanci a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jiha, kuma kyauta take aiki.

Mun san akwai masu gidajen da da zarar sun ji sunan mutum ko sun ga hularsa sai su ce an riga an kama. Wannan abin takaici ne, domin sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Amma mu ma sai mun gyara. Wanda ya ce shi da iyalinsa ne, sannan ya tara mutum 10 a ɗaki, ya ɓata wa na bayansa hanya. Haka 'yan'uwanmu masu gidaje a Agege da Idi-Araba, dokar nan ta hau kansu kamar kowa.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin rassa da su ware mutum 2 masu karatu a kowace unguwa, waɗanda za su riƙa raka jama'a duba gida da karanta yarjejeniya. Uwargida kuma ta san inda aka ajiye rasit, domin sau da yawa ita ce a gida ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu.